Wasiƙa Daga Gindin Dutsen Stark

Taubashina,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Goggo. Ya zafi? Na san yanzu bazara ta buɗe muku wuta, kana miƙe a gindin darbejiya kana fifita da kwali, kai da a watan Janairu sai ka saka riga uku da hular sanyi kafin ka iya zuwa wurin mai shayi. Ka tambaye ni ko sanyinmu ya tafi. To, gyara zama.

Bai tafi ba, amma ya fara naɗe tabarma. A nan jihar Vermont, farkon Afrilu, dare da rana ba sa ga maciji. Da asuba duk ruwan da ya kwana a waje ya zama dutse, kafin azahar kuwa kowane rufi tsiyaya yake yi. Wannan kai-komon shi ke juya kowa a kwarin nan, musamman masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara.

Kusa da garin Waitsfield, inda nake aikin kicin, akwai wani ƙaramin wurin zamiya da ake kira Mad River Glen, a jikin dutsen General Stark. Tun 1948 yake nan, kuma tun 1995 masu zamiyar da kansu suka haɗa kuɗi suka saye shi, kowa da hannun jarinsa. Abin da suke taƙama da shi wata kujera ce mai cin mutum ɗaya tak, rataye a igiyar ƙarfe, tana ɗaukarka daga ƙasa ta haura da kai sama da mita 600. A duk Amurka irinta biyu suka rage, ɗayar tana can Alaska. Da ta tsufa, a 2007, maimakon su kawo ta zamani mai cin mutum huɗu, sai suka sake gina ta yadda take. Na tuna da kai ranar da na fara ganinta, domin babu wanda za ka juya ka yi wa surutu a kai. Da kai aka ɗora, kafin a kai rabi ka fara hira da bishiyoyi.

Manyan wurare suna da injinan da ke fesa ruwa a iska ya zama dusar ƙanƙara. Killington, da ke kudu da mu, tara ta suke yi tsibi guda, har su kai watan Mayu ana wasa. A nan kuwa injin ɗin a gindin dutse kawai yake ɗan taimakawa, sauran sai abin da Allah ya saukar. Shi ya sa mutanen nan kullum idonsu na sama. Ruwan sama mai ɗumi na kwana ɗaya, ko hazo da iskar kudu, ya isa ya cinye abin da aka yi mako ana tarawa.

Amma idan dare ya daskare, gari kuma ya waye da rana, zo ka ga murna. Da sassafe babu mai hawa sai wanda ya ƙosa, domin saman dutsen ya yi tauri, allunan zamiya da ake ɗaurawa a ƙafa ƙara kawai suke yi a kai. Wajen hantsi rana ta ɗan taɓa shi, sai saman ya saki, ya zama ƙwaya-ƙwaya kamar tsakin masara, mai laushi a sama, da ƙarfi a ƙasa. Wannan ita ce dusar da suke jira duk shekara. Tsofaffin hannu sun san wane gefe rana ke fara bugawa, sai su bi ta, daga wannan gangare zuwa wancan, su bar na cikin inuwa sai can anjima. Kafin la'asar komai ya zama caɓi, yana riƙe ƙafa, mutum yana cikin gudu sai ka ga ya dungura gaba, ya tashi yana dariya da jiƙaƙƙen wando. 'Yan sa'o'in nan ne kaɗai, kuma saboda su mutum zai ɗauki hutu a wurin aiki ya tuƙo mota tun daga Boston.

Ciyawa ta fara leƙowa, duwatsu sun fito da kai, ƙorama tana gudu a ƙarƙashin dusar, kana jin ƙararta. Kowa ya ajiye sababbin allunansa a gida ya ɗauko tsofaffi waɗanda ba ya jin ciwon dutse ya kankare. Na ga wani dattijo, furfura fes, da gajeren wando da riga mai hoton furanni, hanci ya yi ja saboda rana. Ya iso wurin da dusar ta yanke, bai tsaya ba, ya taka ciyawar ɗaɗɗaya da allunan a ƙafarsa, ya hau wancan gefen ya ci gaba. Wallahi ya burge ni. A maƙwabta kuma, wurin zamiya na Sugarbush, kududdufi suke haƙawa a gindin gangare, mutum ya taho a guje ya nemi tsallake ruwan a kan allunansa. Wani da shigar ayaba ya zo. Ayabar ba ta kai gaci ba, sai da aka tsamo ta.

Hanyoyi fa? Fiye da rabin hanyoyin jihar nan babu kwalta. Ƙasar da ta daskare tun Disamba daga sama take fara narkewa, ruwan ba shi da inda zai nutse, sai hanya ta zama taɓo har gindin mota. Hukumomin garuruwa kan kafa allo su hana manyan motoci masu nauyi bi. Don haka ka daina ce wa mutane Amurka ko'ina tayil ne.

Wannan daren sanyi da ranar ɗumi shi ne kuma yake sa bishiyar mapul ta zubo da ruwanta. Ana huda jikinta a tara ruwan, a dafa kusan lita 40 kafin a sami lita 1 ta zumar bishiya, kuma kusan rabin wadda ake yi a Amurka daga Vermont take fitowa. Sukan zuba ta da zafinta a kan dusar ƙanƙara mai tsabta, ta yi danƙo, a naɗe da cokali a ci, sannan a bi da kokwamba mai tsami don a kashe zaƙin a ƙara wani. Na ci, na ƙara, kuma na fahimci hikimar kokwambar.

Na saya muku kwalba biyu, zan ba wanda zai zo gida bayan an rufe dutsen. Ɗaya ta Goggo ce, a zuba mata a waina. Ka miƙa mata a rufe yadda na aiko, domin na yi wa murfin alama, kuma zan tambaye ta a waya.

Ka gaishe da Kawu da yara duka. Allah ya kawo damina mai albarka.

Naka,
taubashinka na Vermont