Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Injin Kamun 'Yar Tsana

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai dukiya, ina fatan kana lafiya, fitilunka na ci, cikinka kuma cike da kuɗin bayin Allah kamar yadda ka saba. Na so a miƙa maka wannan takarda hannu da hannu, sai na tuna hannu ɗaya gare ka, shi ma duk abin da aka ba shi sai ya saki.

Dalilin rubuto maka shi ne na lura ka zama ɗan gayu. Duk shekara sai ka sauya mutanen da ke kwance a akwatin gilashinka. A da beyar ce mai jan ƙyalle a wuya, da ƙaramin kare mai dogon kunne, babu wanda ya san sunansu. Daga baya ka kawo Pikachu da Hello Kitty, wadda kamfanin Sanrio na Japan ya haifa tun 1974 amma har yau ba ta tsufa ba. Da aka shiga yayin Squishmallows, waɗanda suka fito a 2017, sai ka cika ciki da su. Nan ne na fara zarginka. Waɗannan 'yan tsana dunƙulallu ne, masu santsi, babu wuya, babu hannu, babu ƙafar da yatsunka uku za su maƙale. Yara na son su saboda laushi. Masu mallakarka kuwa na san abin da ya sa suke son su.

Sai kuma kapibara, wata dabbar Kudancin Amurka da ta fi kowa girma a dangin ɓeraye, wadda mu nan da mun gan ta gafiya za mu ce. An ɗinka ta da auduga, an ɗora mata lemo a ka, ga 'yan mata a layi suna zuba kuɗi don su same ta. Stitch na Disney ma ya dawo da ƙarfinsa da aka sake yin fim ɗinsa a 2025. Amma sarkin yayi shi ne Labubu, ɗan dodon nan mai kunnen zomo da haƙora 9 a waje. Mai zane Kasing Lung ne ya ƙirƙire shi a 2015, kamfanin Pop Mart na Sin ya soma sayar da shi a 2019 cikin rufaffen kwali, ba ka san wanda za ka samu ba sai ka buɗe. Da aka gan shi rataye a jakar mawaƙiya Lisa ta ƙungiyar Blackpink a 2024, duniya ta rikice. Jabunsa ya yi yawa har aka raɗa masa suna Lafufu, masu saye kuma suka koma ƙirga haƙora kafin su biya. Ranka ya daɗe, wanda ke cikinka ban iya ƙirga nasa ba, don fuskarsa ƙasa take kallo, kuma ba na jin tsautsayi ne ya kifa ta.

To, kaya dai suna sauyawa, amma halinka yana nan. Bari in faɗa maka yadda kake yi, ko ka manta. Yaro zai zura tsabarsa, ya kama mariƙi, ya tura ka gaba, ya ja ka hagu, ya zagaya gefen gilashi ya leƙa, ya dawo ya ƙara gyarawa kaɗan, sannan ya danna maɓalli yana cije leɓe. Ka sauko a hankali, ka buɗe yatsu, ka damƙi kan 'yar tsana sosai, ka ɗago ta. Uwarsa ta fara cewa "Ya kama, ya kama!" Kana kaiwa sama sai ka ɗan girgiza, yatsun su saki jiki, ta faɗo daf da bakin ramin fita, ta jingina da ɗan shingen roba da aka kafa a wurin. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Kuma da nisa ta faɗi, da yaron ya haƙura. Kusan nan da ka nuna masa shi ne ke sa uba sake laluben aljihu.

Na daɗe ina tsammanin ciwon hannu ne ke damunka, ashe umarni kake bi. A 2015 kafar Vox ta Amurka ta binciki littattafan da ake haɗo irinku da su, ta nuna cewa mai inji na iya saita ƙarfin damƙa, ya kuma saita sau nawa za a yi wasa kafin ka riƙe da gaske. Wato wanda ya ci, sau da yawa ba gwaninta ce ta ba shi ba, layi ne ya zo kansa bayan wasu sun biya masa.

Kuma abin gado ne. Kakanninka a Amurka, irin su Erie Digger da Miami Digger, ƙananan injina ne da aka ƙera da siffar manyan motocin haƙa, suna kwasar alewa da tsabar kuɗi a wuraren shagali. A 1951 dokar Johnson ta jefa su cikin kayan caca. Kamfanin Sega ne ya wanke muku suna a 1985 da UFO Catcher, mai launi mai daɗi da 'yan tsana masu taushi. Har ka shiga fim ɗin Toy Story a 1995, inda wasu ƙananan korayen halittu ke zaune a cikinka suna jiran ka zaɓe su. Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba: a 2024 Burunai ta haramta ka saboda kamanninka da caca, a shekarar kuma 'yan sandan Riyo ta Burazil suka kai samame suka kwashe 'yan'uwanka. Yanzu ga ka ka iso manyan kantunanmu, ka samu wuri kusa da lilon yara, ana yi maka kallon abin wasa.

Ba na ce ka tattara ka tafi ba. Masu mallakarka ma suna biyan haya da kuɗin wuta, 'yar tsana ta asali kuma tana da tsada, ba za a ce kowa ya ci ba. Sai dai a Japan, inda kake da daraja har ana cika bene guda da ire-irenka, idan mutum ya yi ta fama ya kasa, yakan kira ma'aikaci, a buɗe gilashi a matso masa da abin inda zai kamu. Can ma ana cin riba, ba a rufe shago ba.

Don haka buƙatata biyu ce. Ka sa a rubuta a jikin gilashi, da manyan baƙaƙe, ko an saita hannunka, kuma bayan wasa nawa kake riƙewa, don uba ya yi lissafi kafin yaro ya fara kuka. Sannan Labubun nan, a juyo mana da fuskarsa mu ƙirga haƙora.

Naka,
Wani uba da ya biya kuɗin gafiya uku bai tafi gida da ko ɗaya ba.