Sitiyarin da Ya Yi Murabus a Hanyar Pitowa

A Garwa abin ɗaukar kayan gona iri uku ne: babbar mota ta masu kuɗi, babur mai ƙafa uku na masu neman kuɗi, da amalanken shanu na waɗanda suka san ciwon kansu. Ni na tsallake duka ukun na samo na huɗu, wanda shi ba mota ba, ba babur ba: ƙafa huɗu, kujera biyu, sitiyari, ɗan bodi a baya, babu ƙofa babu gilashi. Irinsa manoman Amurka ke yawo da shi a gonaki. Nawa daga zangon wani Bature mai kai baƙi farauta a gefen gandun dajin Binuwai ya fito, a farkon 2022, lokacin da gari ya cika da 'yan kallon gasar kofin Afirka a filin Roumdé Adjia. Baturen ya sallama mini da araha, har da gyaran jarka. Da kawuna ya ji kuɗin sai ya ce, "Banza ba ta kai zomo kasuwa." Na ce, "Haka ne, Kawu." A zuci kuwa na san hassada ce irin ta masu amalanke.

Gonata tana bayan Pitowa. Ka bi kwaltar Marwa wajen kilomita 15, sai ka sauka ka shiga karal, baƙar lakar nan da ake dasa dawar muskuwari a cikinta bayan ɗaukewar ruwa. Da damina shanu su tattake ta, da rani ta bushe ta tsattsage, kowane sawun kofato ya zama ramin da ke jiran taya. An rubuta iyakar nauyin da abin zai ɗauka a jikin bodi, amma da Ingilishi aka rubuta, ni kuwa Faransanci na yi a makaranta, don haka dokar ba ta hau kaina ba. Na lafta masa masara har sai da sifirin ya kwanta.

A gangaren wani mayo, wato rafi, na ji ƙas. Na sauko na duba, sai ga tayar hagu tana kallon Yola, ta dama tana kallon Chadi.

Bakanikena dattijo ne a unguwar Yelwa, wanda ya yi shekaru yana kwance ƙarƙashin manyan motocin auduga. Ya zaro wata 'yar siririyar sanda da ta lanƙwashe, ya ce, "Alhaji, tairod ne. Mu miƙar da shi mu mayar, ka rage kaya, ka rage gudu." Na ce to. Na ɗauki shawara ɗaya cikin uku, wato miƙarwa.

A nan ɗan yayata ya shigo maganar. Yaro ne mai ilmi, ya sauke YouTube tun daga farko har ƙarshe. Ya nuna mini Turawa suna hawa duwatsu da irin abin hawana, tayoyinsu sun kai ƙugun mutum. Ya ce, "Kawu, matsalarka ƙananan taya ne. Kowa a duniya ya canza, kai kaɗai ka rage." Ban so a ce a duk duniya ni kaɗai na rage ba. Muka samo manyan tayoyi masu ƙaya, muka cusa ƙarfe a kan sifirin don abin ya ɗaga. Ranar da na ratsa Lopere a kai, 'yan acaba suka ba ni hanya, wata tsohuwa ta tambaya ko sojoji ne suka shigo.

Sai dai sitiyarin da da nake juyawa da yatsa biyu ya koma sai da kafaɗa. Shan mai ya ƙaru, kuma ya zaɓi lokaci: tun da Tinubu ya cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023, zuwa-zuwan da muke saya a kwalba bakin titi ya daina zama na talaka. Ɗagawar da muka yi ta karkatar da sandunan, robar da ke rufe gaɓoɓinsu ta yage, ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da giris tana cin ƙarfe a hankali. Tairod kuwa ya ci gaba da lanƙwashewa, har yaran gareji suka daina gaishe ni da "sannu da zuwa" suka koma "hagu ko dama?"

Ɗan yayata ya sake bincike. Ya ce Turawa sun gama da wannan tuni, akwai sanduna masu kauri da ake sayarwa, amma me zai sa mu jira jirgi alhali ga mai walda a bakin kasuwa? Mai walda ya yanko ƙarfe daga mushen wata tsohuwar motar daji, ya fere, ya yi masa zare, ya miƙo mini abu mai kaurin taɓarya. Da dattijon nan ya gani sai ya ajiye sufana.

"Alhaji, ka san fis ɗin da ke gidanka?"

"Na sani, Malam."

"To wannan siririyar sandar da kake raina ita ce fis ɗin sitiyari. In taya ta daki rami, ƙarfin dukan dole ya sauka a wani wuri. Da ita ke lanƙwashewa, ka biya ni jaka biyu ka tafi. Yanzu ka ƙara wa taya girma, dukan ya ƙaru, ka kuma hana shi wurin sauka. Zai wuce ciki ya sami haƙoran akwatin sitiyari. Wannan kuwa babu shi a Garwa, babu shi a Yola."

Na gode masa ƙwarai, na ce ya ɗaura. Ya ce a shaida shi dai ya faɗa.

Sandar ta yi aiki, wannan ko maƙiyi zai shaida. Ba ta taɓa lanƙwashewa ba har yau.

Ranar Lahadi ce, kasuwar Pitowa tana ci, cikin watan Janairu, muskuwari ya fid da kai. Surukina ya sayi rago da buhun albasa, aka ce in kai shi ƙauye. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, kuma duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa ba. Ya zauna a gefena da carbinsa, rago a baya, muka sauka daga kwalta. Na ɗan taka mai don ya san 'yarsa ba ta faɗa hannun banza ba.

Tayar dama ta faɗa wata tsaga. Wannan karon ba ƙas na ji ba, wani gurrr ne daga can ciki, sai sitiyarin ya yi laushi a hannuna, laushin da rabona da shi tun zamanin ƙananan taya. Har na fara murna. Na juya dama, abin ya yi hagu. Na ƙara juyawa, sitiyari ya zagaya sau ba adadi, tayoyi ba su ji labari ba. Na taka birki, amma birkin an yi shi ne don ƙananan taya, ga gangare, ga albasa. Muka bar hanya muka shiga gonar mutane muna zana da'ira, karan dawa yana marin mu ta inda ya kamata a ce akwai ƙofa.

Yaya mutum zai dubi surukinsa ya ce sitiyari ya mutu? Na ci gaba da juya shi cikin natsuwa, fuskata a gaba. A zagaye na farko dattijo bai ce komai ba. Da muka sake wuce tsamiyar da muka wuce ɗazu sai ya yi gyaran murya, yana kallon gefe guda.

"Yaro, wannan gonar taka ce?"

"A'a, Baba."

"To madalla. Na ga kana duba ta da kyau."

Ragon ya yanke shawara kafin kowa, ya yi tsalle da igiyarsa. Mu kuwa yashin mayo ne ya karɓe mu, tayoyin nan masu ƙaya suka tona wa kansu rami suka zauna. Surukina ya sauko, ya kakkaɓe ganyen dawa daga rawaninsa, ya ce Allah ya yi albarka, ya bi sawun ragonsa a ƙasa.

Mai gonar ya iso da fartanya a kafaɗa, muka yi ciniki a kan dawar da ban ci ba. Shi ne kuma ya ba da hayar shanun huɗarsa, irin waɗanda manoman audugar Sodecoton ke noma da su. Aka ɗaura igiya. Da yake abin ba ya jin sitiyari, sai aka sa yara biyu, ɗaya a kowace taya, suna harbin ta da ƙafa duk lokacin da ta karkace. Ni kuma aka ce in zauna a ciki in riƙa taka birki. Haka muka ratsa gefen kasuwa ana tsakiyar watsewa, ina riƙe da sitiyari don kada hannu ya rasa abin yi. A cikin masu kallo har da kawuna, a kan amalankensa. Bai ce uffan ba, ya dai ɗaga mini hannu.

Dattijon Yelwa ya buɗe akwatin, ya zazzage haƙoran ƙarfe a tafin hannuna, ya ce in adana. Sabon sai daga ƙetare: jirgin ruwa zuwa Duwala, jirgin ƙasa zuwa Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, sannan mota ta gangaro da shi kusan kilomita 280 zuwa Garwa. Kuɗinsa ya kusa abin da na ba Baturen. Ya ce ba zai ɗaura ba sai an mayar da ƙananan taya da siririyar sanda. Ina nan ina nazari, domin har yanzu ban ga laifin sandata ba. Ita kaɗai ce ta fito lafiya.

Bayan sati surukina ya aiko da jaki, da akumari da mangala, ba tare da wani saƙo ba. Uwargida ta ce kyauta ce, kada in sa wa raina komai. Ɗan yayata ya zo ya zagaya jakin, ya durƙusa ya daɗe yana duban kofatonsa.

"Kawu," in ji shi, "ka san ana iya ƙara masa tsawo?"