Kwamfuta a Gidan Haya

Akwai masu sayen saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinsu na intanet, sannan su kama mata haya a gidan wani. A Legas, Rack Centre na cikin masu karɓar irin waɗannan baƙi. Ɗaki mafi ƙanƙanta tsayinsa santimita 4.4 ne, cikin kabad mai faɗin inci 19.

Amma fa jin daɗi! Sanyi dare da rana, janareta na jiran ko-ta-kwana. Mai kwamfutar kuwa yana gida yana fifita da kwali.

In ya zo duba kayansa, sai ya nuna katin shaida a ƙofa. In ta maƙale tsakar dare, ma'aikaci ne zai kashe ya kunna, kuma a cibiyoyi da dama wannan danna maɓallin ma da kuɗinsa.