Allah Ya Ja Zamanin Maigidan Haya

Allah ya ja zamanin Alhaji, mai gidaje barkatai wanda bai taɓa kwana a ko ɗaya daga cikinsu ba, gamjin da saiwarsa ke Karaye inuwarsa ke Kano, uban baƙi, madogarar malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, mai karɓar shekara a dunƙule daga hannun wanda ake biya wata-wata. Ranka ya daɗe, an daɗe ana yi wa masu mulki kirari ana mantawa da masu gidajen haya, alhali mai mulki wa'adinsa shekara huɗu ne, kai kuwa naka sabunta kansa yake yi duk shekara ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba. Ni da na sha inuwar kwanonka, wajibi ne in faɗi abin da idona ya gani.

Na sauka a tashar Karaye a farkon 2019, da takardar canjin wurin aiki a aljihun gaba, da wata 'yar takarda da na tsara kasafin wata a kanta: haya, wuta, ruwa, cefane. Layi huɗu kacal. Wazirinka dillali, mai harshen zuma, masanin kowane ɗakin da babu kowa a ciki tun daga bakin kasuwa har hanyar Kusalla, shi ya fara faɗaɗa mini ilimi. Kafin mu ɗaga ƙafa ya karɓi kuɗin gani. Ya karɓi kuɗin man babur, ko da yake a ƙasa muka taka. Da aka daidaita ya zare la'adarsa, kashi goma cikin ɗari, sannan aka fitar da kuɗin rubuta takarda da goron shaidu. Gaskiyarsa kuwa abar koyi ce. Cewa ya yi, "Malam, gidan nan akwai waya, akwai famfo." Na shiga na tarar da waya tana lilo a bango, na tarar da famfo a tsakar gida, tsaf da shi, da kansa na tagulla. Wuta da ruwa bai ambace su ba, balle a ce ya yi ƙarya. Irin wannan tsantseni a magana ko a gaban alƙali ba kullum ake samunsa ba.

Sai hukuncinka na farko, wanda ya cancanci a rubuta da ruwan zinare: kuɗin shekara cif kafin a miƙa makulli. Gwamnati, da duk masananta, ba ta iya biyan ma'aikaci sai ya yi mata aikin kwana talatin. Kai ka hango cewa wanda ake ba wata ɗaya a baya zai iya ba da wata goma sha biyu a gaba, ga shi kuma ya iya. Albarkacinka na shiga adashi biyu. Albarkacinka na je na gaishe da kawunnan da na yi shekaru ban leƙa ba, uwargida kuma ta huta da kukan tunkiyarta. Wace makaranta ce ta taɓa koyar da tattali da sada zumunci a mako guda?

Ɗakin kuwa, ciki da falo, aikin mai hangen nesa ne. Wasu kafintoci kan rufe kwano ruf, su shiga tsakanin bawa da rahamar Ubangijinsa. Naka ya bar ƙofofi uku a sama: ɗaya saitin gado, ɗaya saitin inda na jera littattafai, ɗaya a tsakiyar falo don baƙi su shaida. Daga Yuni zuwa Satumba, da hadari ya haɗo daga gabas, yarana sun san aikinsu ba sai an faɗa ba. Babban ya jawo baho, mai bi masa ta ɗauko bokiti, auta ya riƙe tocila, ni da uwarsu mu jingine katifa da bango mu zauna a kan buhun masara. Kowane mazubi da muryarsa, baho da kauri, bokiti da zaƙi, kwanon sha yana yi musu amshi har kiran assalatu. Silin ya yi ciki kamar akuyar da haihuwarta ta zo, gara kuma ta yi wa ƙyauren banɗaki adon da babu masassaƙin da zai iya kwaikwayo. Da na buga maka waya na kai maka labarin yoyo, ka ba ni amsar da har yau nake juyawa a raina saboda zurfinta: "To, Malam, ai kai ke ciki." Na sayi kwano da ƙusa, na biya kafinta, ya toshe biyu. Da shekara ta zagayo wakilinka ya zo, ya ɗaga kai ya duba, ya yaba aikin ƙwarai, ya ce tunda ɗakin yanzu wuri ɗaya kaɗai yake yoyo darajarsa ta ƙaru, don haka dole haya ta bi daraja.

Ba na jin a duk yammacin Kano akwai mai bibiyar al'amuran ƙasa kamarka. A Mayun 2019, da gwamnatin Ganduje ta ɗaga Karaye ta zama masarauta mai sarkin yanka tare da Rano da Gaya da Bichi, kafin a gama buga tambari saƙonka ya iso: gari ya zama birnin sarki, tilas haya ta dace da matsayinsa. Ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, ka ƙara saboda tsadar fetur. Gidan yana nan inda aka gina shi, bai taɓa shan ko lita ɗaya ba, amma ka tausaya masa. A Mayun 2024 aka rushe masarautun, masu gajeren tunani suka zaci haya za ta sauko tare da su, ka nuna musu kai ba ka cakuɗa harkar gida da siyasa. Bayan wata biyu aka dawo da masarautar a daraja ta biyu, ta ƙunshi Karaye da Rogo, ka ƙara don taya murna. Da Kano ta tsayar da naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a ƙarshen 2024, ka riga banki yi mini albishir. 'Yan bautar ƙasa ma, da alawus ɗinsu ya tashi daga 33,000 zuwa 77,000, tun suna faretin asuba a sansanin Kusalla ka riga ka lissafa da su. Baƙonka Annabinka, in ji Bahaushe, kai kuwa ba ka taɓa barin baƙo ya sha wahalar ɗaukar nauyin aljihunsa ba.

Amma abin al'ajabin da ya shafe sauran shi ne ruwa. Ga madatsar Challawa a cikin ƙaramar hukumar nan, an kammala ta a 1992, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Ga dam ɗin Kusalla a gefe. Masunta na jefa koma, masu noman rani na jan tiyo. Ruwan ya bi kogi ya gangara Panshekara, a tace shi, a tura wa birni mai nisan kusan kilomita 90, can inda kake zaune, ranka ya daɗe. Duk da wannan maƙwabtaka, famfon tsakar gidanka ya kame kansa. Shekara da shekaru bai roƙi ɗigo ba, bai zubar da ɗigo ba. Wadatar zuci irin wannan a wurin waliyyai kawai ake jin labarinta. Inuwar giginya, na nesa ka sha, kuma mu na kusa muna alfahari da ganin giginyar.

Saboda kamun kan famfon nan, layin ruwa a takardata ya koma hannun 'yan garuwa. Kura ta tsaya a ƙofar gida da hantsi, a sauke jarka, a ƙirga, a biya. Da bazara ta kama rijiyoyi suka ja baya, kuɗin jarka ya hau. Da fetur ya tashi ya sake hawa, domin burtsatsen da ake ɗebowa inji ke tuƙa shi. A gidana ruwa ɗaya aiki uku yake yi: wanda ya wanke shinkafa shi zai wanke kwanuka, wanda ya wanke kwanuka shi zai kwantar da ƙurar tsakar gida. Biyu daga cikin yaran da ke tura kurar nan 'yan ajina ne. Ƙarfe takwas na safe, lokacin da ake kiran suna, suna can ƙirji a jikin ƙarfe suna hawan tudu, gumi na bin wuyansu. Ka cece su daga zaman banza a kan benci, ka ba su sana'a tun ba su kai sha biyar ba. Na taɓa kawo maka shawarar a haƙa rijiya a gidan, ka ce in haƙa, in zan tashi in bar ta sadaka mai gudana. Lahirata ma ba ka manta da ita ba.

Masu wuta kuwa abokan tafiyarka ne na haƙiƙa, sarakan ƙiyasi, masu ganin abin da mutum ya sha a cikin duhu. Gidan babu mita, don ba a son a riƙa auna abin da ke tsakanin masoya. Wuta takan leƙo da tsakar dare, ta gaishe da masu barci ta koma, amma bil bai taɓa saɓa alƙawari ba. Ɗaki shida, takarda ɗaya. Wakilinka ya zaga da biro, ya ƙirga ƙwan fitila, ya ƙirga fanka, ya tambayi wa ke da dutsen guga, ya raba mana bisa adalci. Firjin ƙanƙararsa da ke shagon ƙofar gida, wanda ke kan waya ɗaya da mu, shi ba a sa shi a lissafi, saboda kunya irin ta manya. A Afrilun 2024 aka ɗora wa 'yan Rukunin A, masu alƙawarin wutar awa 20 a rana, naira 225 kan kowane ma'auni. Mu aka kare mu daga wannan tsada ta hanya mafi inganci. A Oktoban shekarar, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana fiye da mako a duhu, birni ya ɗauki kuka, gidajen rediyo suka cika da ƙorafi. A gidanka ko gezau, don mun riga mun samu horo. Bil ɗin watan ya zo cikakke, ko kwabo bai rame ba. Da taransifoma ta ƙone, mu 'yan haya muka yi karo-karo, kai kuma ka aiko da addu'a. Tun zangon Kwankwaso na biyu aka ɗaura aikin samar da lantarki daga ruwan Tiga da Challawa, kuma duk daren da na je karɓo wayata a shagon caji nakan waiga wajen dam ɗin in yi masa fatan alheri.

Gawayi da gas, kuɗin 'yan sintiri, kuɗin kwashe shara, kuɗin yashe masan da ya cika tun kafin in shigo: takardar nan mai layi huɗu yau sai an juya bayanta.

Kada kuma a ce Karaye kaɗai aka yi wa wannan baiwa. Rogo, ƙasar rake da tumatir, mai iyaka da Kaduna da Katsina, tana da nata gwarazan. Ƙanwata ungozoma ce, aka tura ta wani ƙaramin asibiti a can. Ta yi mako biyu tana neman ɗaki. Inda ta samu mai kyau, maigidan, ƙaninka a sana'a, garkuwar tarbiyya, katangar mutuncin unguwa, ya ce ba ya ba mace marar aure haya. Inda aka yarda da ita, aka nemi shekara a dunƙule daga yarinyar da ko albashin farko bai shigo hannunta ba. Ta bugo mini waya tana cewa, "Yaya, to a ina zan kwana?" Yanzu Litinin take zuwa, ta raɓa a ɗakin ajiyar magani, Alhamis ta hau mota ta koma. Matan Zarewa da Fulatan da Beli da naƙuda ta kama daren Juma'a suna da damar da matan birni ba su da ita, ta hawa bayan babur a kan hanya mai gargada, cikin iska mai daɗi, zuwa inda za a samu mai karɓar haihuwa. Tarbiyyar unguwa dai ta tsira.

Mu goma sha ɗaya aka turo tare a shekarar da na zo. Takwas sun bi ta hannun wanda suka sani sun koma birni. Idan aka taru a majalisa ana tambayar me ya sa ma'aikata ba sa zama a ƙauye, sai a ce raki ne da son jin daɗi, kai kuma saboda tawali'u ba ka taɓa fitowa ka karɓi kasonka na yabo ba. Ajin lissafin da ya shekara biyu babu malami, da ɗakin haihuwar da ake sa wa kwaɗo da magariba, duk akwai zufarka a ciki, ranka ya daɗe.

Shekaranjiya da la'asar Waziri ya yi sallama, da wani yaro ɗan bautar ƙasa a bayansa, sanye da farar riga da takalmin sansani, jaka a kafaɗa. Ya ce an turo shi ya ga ɗaki, tunda wa'adina ya kusa kuma ban ce komai ba kan sabon farashi. Yaron ya ga waya a bango, ya ga famfo a tsakar gida, fuskarsa ta washe. Na ga 'yar takarda a hannunsa, na ƙirga layi huɗu. Roƙona ɗaya ne, Allah ya ba ka nasara: bahon da ke tsakiyar falo zan bar masa shi, na kuma yi wa gurbinsa alama da alli a kan daɓe. Wakili ya ce baho ƙari ne a kan kayan ɗaki, sai an duba abin da za a ɗora. A yi wa yaron rangwame a wannan shekarar ta farko.