Gizo Da Iskar Da Ba Ta Wari

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata safiya aka wayi gari Unguwar Zomaye tsit. Ba jini, ba rauni, sai kumfa a baki, ƙwayar ido kuma ta tsuke kamar kan allura. Waɗanda suka tsira suka ce wani abu ne ya faɗo da asuba, daga nan numfashi ya gagara.

Zaki ya tara fada. Kura ce ta fara rantsuwa, tun ba a tambaye ta ba. Ta ce ita ranar tana gidan suna.

Zaki ya ce yana neman mai gane muguwar iska tun ba ta yi ɓarna ba. Kare ya ce hancinsa ya isa. Aka gaya masa wata gubar warin tafarnuwa take, wata warin ɗanyar ciyawa, amma wadda ake kira sarin, in tsantsarta ce, ba ta wari ko kaɗan, wanda ya shaƙa kuwa ba shi zai kawo labari ba. Kare ya naɗe jela ya zauna.

Sai Gizo ya faɗi ya yi gaisuwa. "Yanka ya daɗe, a ba ni kaji. Kaza za ta yiga mu faɗuwa, mu kuma mu gudu."

Kada ku yi masa dariya, 'yan Adam ya kwaikwaya. A 1995 'yan sandan Japan da kanari a keji suka shiga maɓoyar ƙungiyar da ta saki sarin a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokyo. A 2003 ma sojojin Amurka sun tanadi kaji a Kuwait don wannan aiki, kusan duk suka mutu tun ba a fara yaƙi ba.

Aka ba Gizo kaji arba'in. Kullum sai ɗaya ta ɓace. Iska ce ta kashe ta, in ji shi, har ya binne ta. Ƙoƙi dai ta ga wuyan maigida yana kauri, ta yi shiru.

Da kaji suka ƙare, aka sayo takardar gwaji daga ƙetare. In ɗigon guba ya taɓa ta sai ta sauya launi: rawaya in dangin sarin ne, ja in mai sa fata bororo ce, kore mai duhu in VX ce. Zaki ya sa tukuici ga duk wanda takardarsa ta yi gargaɗi. Ba a yi kwana uku ba Gizo ya gano fiya-fiya ma tana ruɗa takardar. Ba mamaki, 'yan uwan juna ne. Wajen neman maganin ƙwari aka haifi sarin a Jamus a 1938. Ranar kasuwa sai ya ɗiga, ya ɗaga takarda, ya kwarara ihu. Kowa ya ranta a na kare. Gizo ya kwashe kilishi da ƙosai, ya wuce fada karɓar tukuici.

Ƙoƙi kuwa ta rufe fuska, ta sa safar hannu, ta tafi Unguwar Zomaye. Ta ɗebi ƙasar ramin da abin ya faɗa, da tsummoki, da jinin waɗanda suka tsira. Ta raba kashi uku a kwalabe, ta buga hatimi da lamba, ta rubuta wanda ya miƙa da wanda ya karɓa. Biyu za su ga kunkuru biyu masu ɗakin gwaji, kowa a garinsa, ɗaya kuma a ajiye. Haka ma'aikatan hukumar hana makamai masu guba ta birnin Hague suke yi.

Kura ta tuntsire da dariya, ai an yi ruwa sau biyu, komai ya wanke. Sai Bushiya ta raɗa mata cewa sarin in ya ruɓe yakan bar 'ya'yansa a ƙasa, a jini kuma yakan manne makonni. Wani ƙauyen Ƙurdawa, Birjinni, an jefa masa guba a 1988, aka ɗebi ƙasarsa a 1992, ɗakin gwajin Porton Down na Ingila ya gano gubar duk da haka. Dariya ta koma ciki.

Da dare Kura ta ziyarci Gizo da cinyar rago. Zumunci ne kawai. Gizo ya buɗe kwalba ɗaya, ya zubar, ya cika ta da ƙasar bayan ɗakinsa, ya liƙe hatimin da ƙaro.

Kunkuru ba ya gaggawa. Na'urarsa takan jera ƙwayoyin sinadari kamar layin awo, ta auna nauyin kowace, ta kira sunanta. Bayan mako uku ya iso fada.

"Ranka ya daɗe, kwalbar abokin aikina sarin ce. Ta ajiya ma na gwada, sarin ce. Wannan mai fasasshen hatimi kuwa ba ta shiga lissafi. Na dai leƙa: fiya-fiya ce, da gashin kaji."

Kowa ya juya ya dubi Gizo. Gizo ya dubi rufin ɗaki.

Zaki ya yi gyaran murya. "To, wa ya jefa?"

"Ba a aike ni wannan ba, ranka ya daɗe. Takardar da ka sa wa hannu cewa ta yi in gano ko an jefa."

Haka aka yi wa masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya kan harin guba na Ghouta a 2013.

Zaki ya ce lallai a kafa kwamiti. Kura ta ba da shawara a naɗa wanda ya fi kowa gogewa a harkar. Gizo ya gyara hula, ya ce aikin zai ci kaji tamanin.

Ƙurunƙus kan kusu.