Yadda Ake Ɗaukar Hoto a Gure da Kamara Mai Ido Biyu

Duk wanda ya gaji tsohuwar Rolleiflex, ko ya tsinci Yashica a adakar kakansa, ya kuma ƙudurta gwada ta a Gure, darasinsa na farko rusunawa ne. Ba a kai wannan kamara ido. A wuya ake rataya ta, ta sauka a ciki, mai ita ya sunkuyar da kai yana leƙen gilashin da ke samanta kamar saurayin da ya je gaida surukai. Kamfanin Franke da Heidecke na Jamus ne ya fito da Rolleiflex a 1929, amma sai ka ce don dattawan ƙasar Muniyo aka ƙera ta. Tsohon da zai ɗaure fuska in an auna shi da waya yakan saki jiki idan ya ga yaro a sunkuye gabansa yana cewa, "Baba, a ɗan dubo nan."

Daga nan sai rowa. Fim ɗinta, mai lamba 120 da Kodak ya soma yi a 1901, hoto 12 kacal yake ɗauka, kowanne santimita 6 tsawo 6 faɗi. Mai hoton da ya shiga gidan biki ya sanar da haka, kafin ango ya fito gwaggwanni sun cinye rabi. Gara ya yi shiru, ya ware huɗu na amarya, ya riƙe biyu saboda abin da ba a shirya ba.

A cikin gilashin, hagu dama ce, dama hagu. Raƙumi zai shigo ta dama, sabon shiga ya bi shi da kamara, ya ɗago kai ya tarar dabba ta fice ta wancan gefen, shi kuma yana fuskantar mai sayar da kanwa. Maganinsa a kwana biyu ana bin awakin gida babu fim a ciki. Sannan idon sama na leƙe ne, na ƙasa ke ɗauka, kuma a ƙananan kamarori irin Lubitel ta Rasha ba abu ɗaya suke gani ba in an matso kusa. Wanda ya tsaya taku ɗaya daga mai unguwa bai bar fili a sama ba, zai wanke hoto ya ga ya sare masa rawani, kuma wannan magana ce da ba ta ƙarewa a ranar.

Magabatan sana'ar sun nuna abin da akwatin nan ke iyawa. Sanlé Sory ya buɗe Volta Photo a Bobo-Dioulasso a 1960, yana tsayar da samari gaban zanen jirgin sama yana ɗaukar su da Rolleiflex. Malick Sidibé na Bamako ya karɓi kyautar Hasselblad a 2003, kuma Philippe Koudjina ya adana dararen rawar Yamai na shekarun 1960 da 1970. Sory sai da ya sa aka zana masa bango. Mai hoton Gure ya huta da wannan: ga tuddan rairayi, ga kwaruruwa masu dabino da goriba, ga duwatsun Kutus ga mai ƙarfin tafiya. Ya ajiye kamara dab da ƙasa, yaro mai jaki ya fito kamar barde. A taron salla kuwa, in kawuna sun tare shi, ya kife ta bisa kansa ya leƙa gilashin daga ƙasa.

Akwai dabarar tagwaye, wadda ta fi daɗi da Lubitel domin tana yarda a ɗauka sau biyu ba a murɗa fim ba. A kife turmi, a ɗora kamara, kada kowa ya taɓa. A rufe rabin idon ƙasa da baƙin kwali, mutum ya zauna a gefe ɗaya a ɗauka, a maida kwalin ɗaya rabin, ya koma wancan gefen yana miƙa kofin shayi. Hoto ya fito yana zuba wa kansa shayi. Ya kamata a yi wa kakarsa bayani kafin a nuna mata.

Haske ba ya ƙaranci a Gure, yawa yake yi. Da fim mai ƙarfin 100, a tsakar rana a sa ƙofar ido a 16, gudu a 125, a kan farin rairayi kuma a ƙara tsukewa zuwa 22. Amma hantsi da la'asar sakaliya sun fi tausaya wa fuska, hazon hunturu kuma yana tausasa inuwa yadda babu fitilar da ke yi. Ƙurar ce dai abokiyar gaba: a sa fim a ɗaka, a juya wa iska baya, a naɗe kamara a zane.

In hoto na 12 ya cika, a murɗe takardar bayan fim ɗin tsaf, a lashi bakin a manne. Ruwan wanke fim baƙi da fari digiri 20 yake so, na rijiyar Gure kuwa a watan Afrilu ya haura haka nesa. Sai a lallaɓa Inna ta ba da aron randarta, a jira asuba, a toshe ƙasan ƙofa da bargo.