Bayani a Kan Ƙirga Ƙahonin Furen Okid

Ka sani, ya kai ɗalibi, cewa furen okid da masana ke kira Phalaenopsis, mai siffar malam-buɗe-littafi ya baje fukafukai, tsiro ne da bai yarda da ƙasa ba. A dazuzzukan Indonesiya da Filifin yana maƙale ne a jikin bishiya, saiwoyinsa na reto a iska. Kada a zaci kauci ne. Kauci yana tsotsar bishiyar da ya hau, shi kuwa wannan wurin zama kawai yake nema. Duk wanda ya cika tukunya da ƙasa da taki ya dasa shi, to ya yi masa sutura ne da kyakkyawar niyya. Ɓawon itace ake zuba masa.

Babbar mas'alar wannan fanni ita ce ta fararen nan guda biyu, amabilis da aphrodite. Dukansu farare ne tas, kowanne da gashin baki sili biyu a ƙarshen leɓensa. Wani masani mai suna Blume ne ya raɗa wa dangin suna a 1825. A 1838 aka kai wa John Lindley, shehin malamin okid na Ingila, wani farin fure daga Manila, ya duba ya ce amabilis ne. Da ainihin amabilis ya iso daga Java, sai Lindley ya ga ya bambanta da wanda ya sani, a 1848 ya yanka masa sabon suna, grandiflora. Haka aka zauna, baƙo na amsa sunan mai gida, har 1862 da Bajamushe Reichenbach ya warware rikicin, ya kira na Manila aphrodite. Shekara 24 ke nan, kuma babu labarin cewa furannin sun kai ƙara.

Ga yadda ake tantancewa. Ɗalibi zai durƙusa, ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya leƙa tsakiyar furen. Can gindin leɓe akwai wani ɗan tudu rawaya mai ɗigo-ɗigon ja, wanda bai kai ƙwayar wake ba. Idan ƙahoninsa biyu ne, amabilis ne. Idan huɗu ne, aphrodite. Ana ƙarfafa hukuncin da duba leɓen: na aphrodite ya fi faɗi, mai kusurwa uku, na amabilis ya fi tsawo da siranta. Idan ɗalibi ya ƙirga uku, ya goge gilashin ya sake. Idan ukun ne dai, ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa, domin abin da ke gabansa ba wannan ba ne, ba wancan ba ne.

A nan ne ilimin yake da zurfi. Kusan duk wanda ake sayarwa a kanti ruwa-biyu ne, jikan jikan ruwa-biyu, daga gonakin gilashi na Taiwan da Holan. Ƙungiyar masu lambu ta Ingila tana riƙe da rajistar irin waɗannan aure-aure, sunayen okid a cikinta sun haura dubu 100, amma da zarar ɗan katin da aka soka a tukunya ya ɓace, asali ya tafi har abada. Shuɗin da ke ɗaukar ido a kanti kuwa fari ne aka yi wa allurar rini. Idan ya sake fure zai fito da gaskiyarsa.

Akwai kuma schilleriana da stuartiana, 'yan Filifin, masu ganye rodi-rodi da ruwan azurfa. Na farko furensa ruwan hoda, na biyu fari mai ɗigo. Kafin su yi fure, hukuncin da ya fi rinjaye shi ne a yi shiru. Furen kuwa ba ya zuwa sai zafi ya sauka ƙasa da digiri 26 na 'yan makonni. In ya zarce 28, ganye kawai za a yi ta samu. Manoman Taiwan da wannan suke juya shi, su sanyaya ɗaki ya yi fure daidai sabuwar shekarar Sinawa.

Saura ban ruwa. Saiwa in ta yi fari-fari kamar azurfa, a ba ta; in kore ce, a ƙyale ta. Ruwan da ya kwana a tsakiyar ganye yana ruɓar da tsiron. Sai dai a Amurka an sami masu ra'ayin a ɗora ƙanƙara guda uku a tukunya duk mako. Masu suka sun ce tsiron daga dajin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba ya fito. Masu goyon baya sun ce ba don tsiron aka yi dokar ba, don mai shi ne, wanda in an bar shi da buta ba ya sanin ya isa. Ba a ji ta bakin tsiron ba tukuna, domin yakan ɗauki watanni kafin ya nuna fushinsa, lokacin kuwa kowa a gidan ya manta wa ya ba shi ruwa.